Malama Sa'a da Baƙin Yashin Fadama

Malama Sa'a ba ta da kara. Kowa ya sani daga Kankia har Kusada, ita ma ta sani, kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoyewa ba. In ka kawo mata miya ka tambaye ta yaya ta ji, za ta ce gishiri ya yi yawa ko da a gaban baƙinka ne. In aka miƙo mata jariri ranar suna ana cewa ga kyakkyawa, sai ta duba da kyau ta ce bai gama fitowa ba tukuna, a jira ya yi wata uku. Mata da yawa sun daina gayyatarta biki. Ta ce sun rage mata cinyewar takalmi.

A wani ƙauye kusa da Ƙofa aka haife ta. Ita da wanta Ɗalha ne kaɗai suka rayu a ɗakin uwarsu. Ta yi sakandare a lokacin da 'yan matan ƙauyen da suka yi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ta auri wani direban motar kamfanin kuza, suka tafi Jos. A can ta samu aikin wankin kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin. Shekara biyu tana wanki tana kallo, har ranar da ta ce wa mai gwajin ya tsallake ruwa ɗaya bai zuba ba. Ya duba ya ga haka ne. Bai gode mata ba, amma bayan mako guda ya tura mata sikeli ya ce ta fara.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. A niƙa dutse ko yashi ya yi laushi, a auna ɗan kaɗan, a narka shi da wani farin gishiri a cikin ɗan kasko kan wuta mai ƙarfi. In ya huce a jiƙa shi ya zama ruwa, a ɗiga masa sinadari, sai ruwan ya ɗauki launi. Zurfin launin ne ke faɗin yawan ƙarfen da ke ciki, domin ana jera kwalbar kusa da waɗansu kwalabe da aka riga aka san abin da aka zuba musu, a ga wadda ta yi daidai da ita. Ƙarfen da Sa'a ta fi aunawa sunansa tantalam, wanda yanzu ake sa wa cikin wayoyin hannu. Launinsa rawaya ne. Shekara bakwai ta yi tana kallon rawaya.

Da kasuwar kuza ta mutu kamfanin ya rufe, aka bar mata wani akwatin katako mai kwalaben gwaji da kasko biyu da 'yan hodoji, tunda ba wanda ke so. Suka dawo Kankia. Ta yi shekara ashirin da shida tana kula da ɗakin gwaje-gwajen wata makarantar 'yan mata, mijinta ya rasu, ta yi ritaya, yanar ido ta fara rufe mata na hagu. Akwatin yana ƙarƙashin gado, ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ke ciki.

Fadamar ubansu ce ta fito da shi.

Ba a taɓa raba fadamar ba. Ɗalha ke noma ta, albasa da tumatir da ɗan rake da rani, yana aiko wa Sa'a nata kason. A ƙasan fadamar akwai tafkin da ba ya ƙafewa sai dab da damina, inda shanun wani Bafulatani mai suna Bubayero ke sha. Su kuma shanun, in an girbe gero, a gonar tudun Ɗalha suke kwana su bar masa taki. Haka iyayensu suka yi, ba a taɓa zama an yi magana a kai ba.

A kakar wata shekara, bayan ruwa ya ɗauke, rafin da ke ratsa fadamar ya bar zane-zanen baƙin yashi mai nauyi, mai ƙyalli. Abdulrauf, mijin babbar 'yar Ɗalha, malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kusada, mutum mai shekara arba'in da wani abu, ba kuma maƙaryaci ba. Ya wanke yashin a ƙwarya, ya aika aka sayo masa sinadari daga Kano, ya bi littafi layi bayan layi. Ruwan ya yi rawaya kamar kwaɓaɓɓen garin ɗorawa. Ya lissafa ya ce a kowane mudu huɗu na wankakken yashin, mudu ɗaya tantalam ne. Kafin mako biyu Ɗalha ya yi magana da waɗansu masu haƙar ma'adinai, suka sa ranar Asabar su zo da injin tono.

A bakin wata mai sayar da ƙuli-ƙuli Sa'a ta ji, ranar Talata. Ko gida ba ta koma ba, ta hau mota.

Ta tarar da Ɗalha a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga. Ya ɗago kai ya ce, "Ke Sa'a, mi ya kawo ki da rana tsaka haka, ba aike?"

"Abin da ka gaya wa kowa ban da ni, Yaya."

"To ai alheri ne. Na so sai ya tabbata."

"Ka san abin da ke riƙe ruwan fadama? Laka ce a ƙasa, kamar gindin tukunya. In inji ya huda ta, ruwan ya tahi ke nan. Na ga inda aka yi a Jos. Shekara talatin, ko ƙaya ba ta fito ba."

"Wanda ya samu tantalam mi zai yi da albasa?"

"In ya samu."

Ɗalha ya ajiye igiyar. "Abdulrauf ya yi digiri. Ke kwalabe kika wanke."

"Na wanke, kuma sun fita. Ka ba ni zuwa Juma'a. In rawayar nan ta tantalam ce, ni da kaina zan nuna wa mai inji inda zai fara."

Ya yarda, ba don ya ji maganarta ba. Ya san in bai yarda ba za ta kwana uku a gidansa tana faɗin ra'ayinta a kan komai, daga tuwo har tarbiyyar jikoki.

Da yamma Abdulrauf ya zo gaishe ta, ya durƙusa, ya zauna nesa kaɗan. Ta ce ya faɗa mata abin da ya yi tun daga farko, kada ya tsallake komai. Ya faɗa. Ta saurara ido a rufe, ba ta sami kuskure ko ɗaya ba, ta kuma gaya masa haka.

"To, Gwaggo, ai shi ke nan."

"Wanda ya rubuta littafinka, da tsabtatacciyar hoda yake gwaji ko da yashin rafi?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Yashin rafi ba shi kaɗai yake zuwa ba. Akwai wani ƙarfen, titaniyam, wanda ake farin fenti da shi. Ya cika baƙin yashi. Sinadarin nan naka in ya gamu da shi rawaya yake yi, har ta fi ta tantalam ƙarfi. Ka raba su kafin ka auna?"

"Littafin bai ce ba."

"Bai ce ba. To jibi ka buɗe mini ɗakin gwajinku. Ka kawo ragowar yashin da ka wanke, da sinadarinka. Ba zan yi da nawa ba, kada a ce na zo da magani daga Kankia."

Ranar Laraba ta koma gida ta jawo akwatin. Kyankyasai sun cinye takardun, amma hodoji biyu da take nema suna nan yadda ta bar su: farar hodar tantalam zalla, da farar hodar titaniyam zalla. Irin waɗannan ba sa lalacewa. Ta biya kemis ta sayi ƙaramar kwalbar ruwan wanke ciwo, wannan mai kumfa in an zuba a miki. Mai kemis ya tambaye ta wa ya ji ciwo, ta ce ba kowa tukuna.

Wunin Alhamis suka yi a ɗakin gwajin, ita da Abdulrauf, tagogi a buɗe saboda hayaƙin kaskon mai shaƙe maƙogwaro. Hannunta bai manta ba. Ta narka yashin, ta narka hodojin nan biyu kowace daban, ta jiƙa su. Sai dai da ta ɗaga kwalba ta duba a hasken taga, ta ga akwai matsala. Yanar ta ɓata mata gani. Farin ruwa ma rawaya-rawaya take ganinsa, kuma da ta jera kwalabe biyu da ta san sun bambanta, ɗaya suka zama mata. Duk gwajin kuwa a kan ido yake.

Ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Idona ya mutu. Naka kuma ya riga ya ga abin da yake so. Sai mun nemo na uku."

Ta san inda za ta samu. Hawwa'u, matar Bubayero, ta yi shekara arba'in tana kai nono da man shanu kasuwa. Sa'a ta sha ganinta tana ɗaga curin man wata ta ce wannan na saniyar da ta ci ɗanyar ciyawa ne, wancan na wadda ta ci harawa, wancan kuma an cuɗa shi da wani abu, mai shi ta ji kunya ta tafi. Ba ta ɗanɗanawa, launin kawai take duba.

Juma'a da hantsi aka shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiyar ƙofar gidan Ɗalha. Sa'a ta ce dole a gama kafin rana ta take, domin hasken tsakar rana yana cinye launi. Ta shimfiɗa farin zane a kan benci. Maƙwabta suka taru ba a kira su ba. Hawwa'u, wadda Sa'a ta aika aka kira, ta sauke ƙwaryarta ta zauna tana kallon kwalaben.

"Malama, wannan kuma wane irin tsafi ne na Haɓe?"

"Irin wanda ba ya cin kaza. Zauna ki jira."

Ɗalha na ganinta ya ɓata rai. "A'a. Ban yarda ba. Shanun mijinta ke sha a tafkin nan. Mi kike so ta ce?"

"Gaskiyarka, Yaya," in ji Sa'a. "Tana so a ce babu. Kai da surukinka kuna so a ce akwai. Ni ma ina da abin da nake so. Shi ya sa ba wanda zai san kwalbar da ta fito daga fadama sai Abdulrauf, shi kuma ba zai taɓa jerin ba."

Hawwa'u ta ce, "Ɗalha, da ina ƙarya da ido, da na fi ka shanu."

Aka yi dariya. Ɗalha bai yi ba, amma ya zauna.

Sa'a ta fara da ruwan wanke ciwo. Ta ɗiga a kwalbar tantalam zalla, ruwan ya tsaya fari yadda yake. Ta ɗiga a ta titaniyam zalla, nan take ya koma ruwan lemo. Ta ce kowa ya gani, wannan ruwan ba ruwansa da tantalam, titaniyam kaɗai yake tonawa. Sannan ta miƙa wa Abdulrauf kwalbar yashin fadama ta ce ya ɗiga da hannunsa.

Ya ɗiga. Ruwan ya yi lemo har yana neman ja.

Abdulrauf ya ɗaga kwalbar ya duba. Sai ya ce a hankali, "Baba, titaniyam ne. Da yawa."

"To don akwai wannan sai a ce babu wancan?" in ji Ɗalha. "Gero da dawa ba sa zama buhu ɗaya?"

"Suna zama," in ji Sa'a. "Yanzu za mu auna."

Ta sa Abdulrauf ya riƙa ƙara wa ruwan titaniyam zalla ƙarfi, ana ɗiban kaɗan ana gwadawa da ruwan wanke ciwo, har lemonsa ya yi daidai da na yashin. Shi ya ce ya yi, Hawwa'u ta ce saura ɗigo biyu, ya ƙara, suka yarda. Yanzu suna da ruwan da titaniyam ɗinsa ya yi daidai da na fadama, ba tantalam ko ƙwaya. Sa'a ta raba shi kwalba biyar. Ta bar ta farko haka nan. Ta biyu ta zuba mata tantalam daidai mudu ɗaya cikin ɗari, ta uku mudu biyu, haka har ta biyar. Ta shida ita ce ta yashin fadama, sabuwa wadda ruwan wanke ciwo bai taɓa ba. Ta ɗiga wa dukansu sinadarin Abdulrauf, duk shida suka yi rawaya.

"Ka shiga zaure da su," ta ce masa. "Ka rubuta wa kowace alama a gindi inda ba a gani, ka cakuɗa su, ka dawo."

Ya dawo ya zube su a kan farin zanen. Sa'a ta juya wa bencin baya, tana fuskantar katanga. Ta ce, "Hawwa'u, ki jera su kamar mai. Mai haske a hagu, mai zurfi a dama."

Daga nan da kunne Sa'a ta bi gwajin. Ta ji ƙarar kwalba a kan benci, ta ji warwaron Hawwa'u, ta ji wani yana cewa ai duk ɗaya ne, Hawwa'u ta ce masa ya matsa inuwarsa na ɓata mata aiki. Sa'a ta san abin da take tsammani, amma tsammani ba gwaji ba ne. Ta taɓa rantsewa a kan wani dutse a Jos, ya ƙaryata ta a gaban mutum biyar. In kwalbar fadama ta faɗa can dama, ta riga ta yi alkawari, gobe ita za ta shige gaban inji. Ba ta juyo ba.

"Huɗun nan ba wuya," in ji Hawwa'u. "Kowace da matakinta. Amma biyun nan na hagu, na saniya ɗaya ne."

"Ki raba su," in ji Sa'a.

"Na ce miki saniya ɗaya ce."

"Tatsar safe da ta yamma ma ai kina rabawa."

Hawwa'u ta yi tsaki. Ta ɗaga su sama, ta sauke, ta musanya musu hannu, ta rufe ido ɗaya. Can ta ce, "Wagga ta ɗara waccan. Kaɗan, kamar an hura mata da baki. Amma ba ta kai rabin hanyar ta gaba ba."

Sa'a ta juyo. "Abdulrauf, karanta gindinsu. Daga dama."

Ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya. Mudu huɗu. Mudu uku. Mudu biyu. Mudu ɗaya. Hawwa'u ba ta kuskure ko guda ba, har mutane suka fara kabbara tun bai gama ba. Ya ɗaga ta biyar, wadda aka ce an hura mata da baki, ya ce, "Fadama." Ta ƙarshe ita ce wadda ba a zuba mata komai ba.

Ɗalha ya miƙe. "Ashe akwai! Kun ji, ta ɗara waccan!"

"Akwai, Yaya, ban hana ba. Bai kai rabin mudu cikin ɗari ba, na wankakken yashi. Shi kuma wankakken, Abdulrauf, nawa ka samu a kwanon sarki guda?"

"Tafi ɗaya, Gwaggo. Da ƙyar."

"To ka ji. Ka tone fadamar tun daga rake har tafki, ka wanke ta tas, abin da za ka samu jaki ɗaya zai ɗauke shi, ya dawo ya tarar ba ruwan da zai sha."

Ɗalha ya dubi surukinsa yana jiran ya musa. Abdulrauf ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Baba, ni na yi kuskure. Rawayar da na gani ta fenti ce. Kada a kawo injin."

Ɗalha ya sa hannu a aljihu. Daga nan ya ciro wayarsa, ya matsa gefe, aka ji yana cewa a'a, ba ɗagawa ba ne, fasawa ce. Da ya dawo bai dubi ƙanwarsa ba. Ya ce wa mutane lokacin masallaci ya yi. Sai da ya kai bakin zaure ya waiwayo ya ce, "Irin albasar bana ban saya ba. Na ɗauka ba za a yi ba."

"Ana samu a kasuwar Yashe," in ji Sa'a. "Ka yi sauri, ka riga ka makara."

Hawwa'u ta ɗauki ƙwaryarta, Sa'a ta taya ta ɗorawa. Hawwa'u ta ce, "Da kwalbar ta faɗa dama fa?"

"Da kin nemi wa shanunku wani tafkin."

"Kai, Malama, ba ki da daɗi."

"Idonki ne mai kyau. Nononki na jiya kuwa ya yi tsami."

A ranin nan fadamar ta yi albasa, ba kamar ta bara ba saboda an makara, amma ta yi. Shanun Bubayero suka sha a tafki har saukar ruwa. Wata biyu Ɗalha bai yi wa Sa'a magana ba, ranar nan sai ga buhun albasa a ƙofar gidanta ba saƙon komai. Abdulrauf kuwa ya kwafe hanyar gwajin da hannunsa a bayan littafin, yana koya wa 'yan ajinsa, kuma kullum da labarin kuskurensa yake farawa.

Labari ya bazu. Mutane suka fara sallama a gidanta a Kankia da ƙulle-ƙullen leda, daga Rimaye, daga Yashe, wani har daga bayan Katsina. Yawanci titaniyam ne ko tama. Sau ɗaya wani makiyayi ya kawo dutsen da ya tsinta a jikin wani tsauni, kwalbarsa ta wuce ta ƙarshe a dama har sai da aka tsarma ta sau uku. Sa'a ta gaya masa abin da ke hannunsa da irin muryar da take gaya wa sauran babu. An yi mata aikin idon hagu, ta warke, amma ba ta koma jera kwalabe da kanta ba. Ranar da Hawwa'u ke shigowa gari da nono take sa gwaji.

Da masu zuwa suka yi yawa, ta sa aka faɗa a masallatai biyu da wurin masu awo a kasuwa. Ta ce duk wanda zai kawo mata ƙasa ya ɗebo daga wuri biyar, kada ya tsince mata mafi baƙi. Ya zo da hantsi. Kuma don Allah kada ya zo shi kaɗai, ya zo da mutumin da ba ya so a samu.